Allurar girma ta ja wata uku ta tsaya: nazarin lamarin wani yaro a Aboabo, Kumasi

Wannan bayani ne a kan yaro guda ɗan Aboabo, wanda aka ɗora a kan allurar sinadarin girma yana da shekara tara da wata uku, aka kuma bi shi shekara biyu. An sakaya sunansa da na wuraren da aka duba shi. Duk awon tsayi da santimita ne, ba takalmi, a ma'aunin da ke kafe a jikin bango.

## Daga haihuwa zuwa shekara takwas, 2013 zuwa 2021

An haife shi a watan Maris 2013, cikinsa ya cika wata tara, nauyinsa kilo 3.1. Da ƙafa ya zo. A ranar farko sukarin jininsa ya faɗi har sai da aka ɗaura masa ruwa, daga baya shawara ta riƙe shi fiye da mako uku. Da ta wuce babu wanda ya sake waiwayar maganar.

Katin awonsa ya nuna nauyi yana bin layi har ya shekara biyu. Gurbin tsayi kuwa kusan babu komai a ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne: a wurin awon yara sikeli ake fara hawa, sau da yawa kuma a nan ake tsayawa.

Tsayin mahaifinsa 172, na mahaifiyarsa 160. Ga ɗa namiji ana haɗa biyun, a ƙara 13, a raba biyu, a sami 172.5. Idan gado ne kawai ke aiki, a wajajen nan ake sa ran ya tsaya, da sassaucin kamar santimita takwas sama ko ƙasa. Gidan ba na gajeru ba ne.

Tun yana shekara uku aka lura sa'o'insa suna barinsa a baya. Kakarsa ta wajen uba ta ce wani baffansa ma haka ya yi, sai da ya zama saurayi ya miƙe. Tsakanin shekara huɗu da takwas an gwada abin da kowane gida ke gwadawa: maganin tsutsar ciki duk bayan 'yan watanni, maganin sa cin abinci daga kemis, maganin ƙarin jini, ƙwai da madara, da rubutu. Ya tara 'yar ƙiba a ciki da kumatu. Tsayi bai amsa ba.

## Awo da gwaje-gwaje, Satumba 2021 zuwa Mayu 2022

An kai shi asibiti ne bayan tela ya auna su shi da ƙanensa, wanda ya girme da shekara biyu, aka tarar wandon ƙanen ya fi tsawo.

A Satumba 2021, yana shekara takwas da rabi, tsayinsa 111.0, nauyinsa kilo 19.5. Awo ɗaya ba ya nuna saurin girma, don haka aka ce su dawo bayan wata shida. A Maris 2022 ya kai 112.7. Santimita 1.7 ke nan a rabin shekara, wato 3.4 a shekara, alhali yaron da bai fara balaga ba yakan ƙara biyar zuwa shida. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007, matsakaicin tsayin yaro ɗan shekara tara ya kusa 133, layin ƙasa na ƙarshe kuma yana wajen 114.5. Yaron yana ƙasa da wannan layin. Fuskarsa ta ƙaramin yaro ce, muryarsa siririya, gaɓoɓinsa daidai da juna, wuyansa babu maƙoƙo.

An fara da abubuwan da suka fi yawan tsumbure yara a nan. Yawan jininsa 11.8, nau'in jininsa AA, wato ba shi da sikila. Wannan tambaya ce da ba a tsallakewa a Kumasi, garin da aka fara tantance jarirai domin sikila tun 1995. Ƙoda da hanta lafiya, fitsari da bayan gida babu komai. Hoton ƙashin hannun hagu da wuyan hannu ya nuna ƙashin ɗan shekara shida, shekara uku ke nan a baya.

Daga nan aka koma kan tairod, wato halittar nan da ke gaban wuya wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Dole a duba ta kafin a gwada sinadarin girma, domin yaron da tairod ɗinsa ya yi sanyi yakan faɗi gwajin sinadarin girma ko da ba shi da ƙarancinsa. Abu biyu ake aunawa. Na ɗaya TSH, ɗan aiken da fituwitari ke turawa ya umarci tairod ya yi aiki. Fituwitari kuwa wata 'yar halitta ce da ba ta wuce ƙwayar wake ba, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ita ce kuma ke fitar da sinadarin girma. Na biyu FT4, wato ɗan sakakken kason tairoksin, sinadarin da tairod ke fitarwa, da ke yawo a jini ba a ɗaure ba, wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba amma shi jiki ke iya amfani da shi. TSH ya fito 2.4, iyakar lafiya a takardar 0.5 zuwa 4.5. FT4 ya fito 11.9, iyakar lafiya 11 zuwa 22. Duka biyun suna ciki, na biyun dai a bakin ƙofa yake.

IGF-1, sinadarin da hanta ke fitarwa idan sinadarin girma ya taɓa ta, ya fito 38, ƙasa ƙwarai ga shekarunsa. Rashin abinci ma yana saukar da shi, amma yaron ba ramamme ba ne. An yi gwajin zaburarwa, wato a ba shi maganin da zai zaburi fituwitari a ga yawan sinadarin girman da zai fitar, sau biyu a ranaku dabam, kowanne da safe bai ci komai ba. Na farko da ƙwayar kulonidin, ana ɗibar jini duk rabin awa har awa biyu, ana lura da awon jini domin tana saukar da shi ta kuma sa barci. Na biyu da allurar gulukagon, ana ɗiba har awa uku, ana duba sukari domin yakan faɗi daga ƙarshe. Mafi girman sinadarin girman da aka samu shi ne 2.1 da 1.8 maikirogiram a lita. A da 10 ake ɗauka a matsayin iyaka, yanzu wurare da yawa sun sauko wajen 7. Ko da wanne aka auna, ya faɗi. Kotizol, sinadarin da ke taimaka wa jiki jure ciwo da wahala, wanda shi ma fituwitari ke ba da umarnin fitar da shi, a gwajin gulukagon ya haura zuwa 520, abin da ya nuna wannan ɓangaren yana aiki.

Hoton MRI ya nuna gaban fituwitari ƙanƙane ne, jijiyar da ke haɗa shi da ƙwaƙwalwa ba ta ganuwa, bayansa kuma ba ya mazauninsa, yana can sama. Wannan siffa ce sananniya, ta kuma dace da zuwa da ƙafa, faɗuwar sukari da doguwar shawara. Masu ita sukan fara da ƙarancin sinadari ɗaya, sauran su biyo baya a hankali.

## Fara allura, Yuni 2022

Tsayi 113.5, nauyi kilo 20.4. An sa masa somatirofin, wato sinadarin girma na allura, miligiram 0.03 ga kowane kilo, wato 0.6 kowane dare, miligiram 18 a wata. Abin da aka saba farawa da shi yana tsakanin 0.022 da 0.035.

Mahaifin ya tambayi daga me ake yin maganin. Tambayar tana da tushe. Kafin 1985 daga fituwitarin gawarwaki ake tatso shi, aka daina bayan an gano wasu da suka karɓa sun kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa. Na yanzu a masana'anta ake haɗa shi ta hanyar ƙananan halittu, kuma ƙirarsa ɗaya da wanda jikin mutum ke yi.

An koya wa mahaifiyar yin allurar da alƙalaminta, wato na'urar da maganin ke ciki mai siffar alƙalami: a ƙarƙashin fata, a cinya, ciki ko ɗuwawu, ana sauya wuri kowane dare don kada naman wurin ya lotsa, sabon tsinke kowane lokaci, a danna, a ƙirga har goma kafin a zare. Da dare ake yi saboda a cikin barci jiki ya fi fitar da nasa. Ajiya a tsakiyar firij, ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, ba a jikin ƙofa ba, ba kusa da ƙanƙara ba. Wanda ya daskare ya lalace. Daren da aka manta ya wuce, ba a ninkawa gobe. An gargaɗe su kan ciwon kai mai tsanani da amai, da ciwon gwiwa ko ƙugu mai sa ɗingishi. An kuma rubuta a sake TSH da FT4 bayan wata uku da bayan wata shida.

## Wata uku na farko, Satumba 2022

Tsayi 116.2, ƙarin 2.7, wanda ya kama kusan 11 a shekara. Abin da ake fata ke nan: mai tsananin ƙaranci irin nasa yakan yi takwas zuwa goma sha biyu a shekarar farko. Cin abinci ya ƙaru, tumbin ya ragu.

Mahaifin ɗan kasuwa ne a Kejetia, zuwa wurin ƙwararren likita kuma yana cin yini guda. Aka shirya a riƙa yin awo a wani ƙaramin asibiti kusa da gida. A ɗakin gwajin da suka je an faɗa musu kuɗin gwaji biyun da kuɗin TSH shi kaɗai, suka zaɓi mai sauƙin. Ya fito 1.9. Aka rubuta cewa tairod lafiya.

## Wata na huɗu zuwa na shida, Disamba 2022

Tsayi 117.9, ƙarin 1.7. An sami raguwa, kuma akwai dalili a fili. A wannan shekara sidi, kuɗin Ghana, ya zube ƙwarai, hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba, maganin kuwa daga waje yake zuwa, farashinsa yana bin dala. A Nuwamba da Disamba mahaifiyar ta koma yin allura dare biyar a mako don alƙalami ya daɗe. Ba ta ɓoye ba da aka tambaye ta.

Tsallake allura yana cikin manyan abubuwan da ke rage amfanin wannan magani, don haka aka tsaya a nan. Wani kawun yaron da ke Jamus ya ɗauki nauyin rabin kuɗin. Aka ba su kalanda su riƙa sa alama kowane dare. Gwajin jinin wata shida ba a yi shi ba, kuɗin ya tafi wajen magani.

## Wata na bakwai zuwa na tara, Maris 2023

Kalanda ta nuna allura 88 cikin dare 90. Tsayi 118.7, ƙarin 0.8 kacal, wato ya koma saurin da yake yi kafin a fara magani. Nauyi ya haura zuwa kilo 24.1.

Mahaifiyar ta ambaci wasu abubuwa, kowanne kuma ya sami fassara mai sauƙi. Fatarsa ta yi kaushi, leɓensa ya tsattsage: hunturu ne. Yana jin sanyi fiye da 'yan'uwansa: hunturu dai. Yana kwana uku bai yi bayan gida ba: ƙarancin shan ruwa. Malaminsa ya ce yana gyangyaɗi a aji: boko da safe, makarantar allo da yamma, gajiya ce.

Zargi ya faɗa kan ajiyar magani, saboda ɗauke wuta. An jefar da alƙalamin da ake amfani da shi, aka buɗe sabo, aka sayi ɗan ma'aunin sanyi aka sa a firij. An nuna musu idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba su sa alƙalamin a cikin kula, wato akwatin riƙe sanyi, tare da ƙanƙara naɗe a tsumma, yadda ba za su taɓa juna ba. An sake TSH shi kaɗai, ya fito 2.2. Sai aka ɗaga allura zuwa miligiram 0.8, wanda ga sabon nauyinsa ya kama 0.033 a kilo. Abin da ake sha a wata ya tashi daga miligiram 18 zuwa 24, ƙarin kashi ɗaya cikin uku na kuɗi.

## Cikar shekara, Yuni 2023

Tsayi 119.4, ƙarin 0.7. Jimillar shekarar farko 5.9, kusan rabinta a wata ukun farko aka same ta. Nauyi kilo 25.3. A nan aka mayar da shi wurin ƙwararren likitan.

Dubawa da hannu ta nuna fuska ta ɗan kumbura, fata busasshiya a tsakiyar damina, bugun zuciya 64 a minti, kuma idan aka bugi jijiyar agara ƙafar tana jinkirin komawa. Babu maƙoƙo. Hoton hannu ya nuna ƙashin shekara shida da rabi: ƙashin ya matsa rabin shekara cikin wata goma sha biyar.

IGF-1 ya fito 190, cikin iyakar lafiya. Wannan lamba ɗaya ta wanke mutum biyu, mahaifiyar da firij, domin ta nuna allurar tana shiga kuma maganin yana da ƙarfinsa. TSH 2.6. FT4 7.6. Gwajin garkuwar jiki mai yaƙar tairod bai nuna komai ba.

Ciwon sanyin tairod iri biyu ne. A wanda aka fi sani, tairod ɗin kansa ne ya gaza, sai fituwitari ya yi ta ƙara aike, TSH ya hau sama. Gwajin TSH shi kaɗai yana kama wannan. A na biyun tairod lafiyarsa lau, mai aiken ne ba shi da lafiya. TSH na iya fitowa ƙasa, ko daidai, ko ma ya ɗan haura, wanda ake fitarwar kuma sau da yawa ba shi da cikakken ƙarfi. Kamar ladan ne muryarsa ta dishe: rashin jin kira ba ya nufin lokaci bai yi ba. Lafiyayyen fituwitari ba zai ga FT4 a 7.6 ya bar TSH a 2.6 ba. Wannan yaro yana da iri na biyu.

Allurar girma tana taɓa wannan tsari ta hanya biyu da aka sani. Tana hanzarta juya T4, wato tairoksin, zuwa T3, siffarsa mai ƙarfin aiki, a sassan jiki, don haka ajiyar T4 take raguwa. Tana kuma ƙara somatostatin, wanda ke danne fitar TSH. Yaron da fituwitarinsa ke da sauran ƙarfi yakan cike giɓin, FT4 ya ɗan sauka a watannin farko ya dawo da kansa. Wanda ba shi da shi, sai ya ci gaba da gangarawa. Gurin girma da ke ƙarshen dogayen ƙasusuwa kuma yana buƙatar duka biyun, sinadarin girma da tairoksin. Idan babu na biyun, ƙara na farkon ba ya motsa shi.

Ba a ba shi ƙwayar tairod a ranar ba. An fara ɗibar jini da ƙarfe takwas na safe domin kotizol, ya fito 410. Dalilin wannan mataki babba ne. Fituwitarin da ya gaza abu biyu yana iya gaza na uku. Allurar girma tana rage yadda jiki ke farfaɗo da kotizol, tairoksin kuma yana hanzarta ƙone shi. Idan aka ba mai ɓoyayyen ƙarancin kotizol tairoksin kafin a rufe wancan giɓin, yana iya faɗuwa da amai, saukar awon jini da sukari, har a rasa shi. Da sakamakon ya gamsar, aka fara lebotairoksin, wato ƙwayar tairoksin, maikirogiram 25 na mako biyu, sannan 50. Allura aka sauke ta zuwa 0.7.

## Daidaita ƙwayar tairod, Yuli zuwa Nuwamba 2023

Wannan ƙwaya tana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinta ya fita daga jini, shi ya sa ba a sake gwaji sai bayan kamar mako shida, kuma a ɗebi jinin kafin a sha ta ranar. A tsakiyar Agusta FT4 ya fito 9.8, TSH 0.3.

Abu biyu suka kusa karkatar da aikin. Wani ma'aikaci a asibitin unguwa ya ga TSH ƙasa ya ba da shawarar a rage ƙwayar, kamar yadda ake yi a ciwon tairod na yau da kullum. A irin na yaron nan TSH yakan faɗi da zarar an fara ƙwaya, ba a kuma daidaita magani da shi; FT4 ake bi, ana son ya zauna a rabin sama na iyakar lafiya, a nan 16.5 zuwa 22. Mahaifiyar ta kira kafin ta rage, aka ce ta bar shi yadda yake.

Na biyun shi ne ƙarancin hawan FT4, wanda zai iya sa a ninka ƙwayar. Kafin haka aka yi tambaya ɗaya: “Hajiya, da me yake shan ƙwayar?” Ashe ana murƙushe ta ne a cikin kokon Tom Brown na gida, mai waken suya da garin madara, kakar kuma tana bi da cokalin maganin ƙarin jini. Waken suya, sinadarin ƙashi da ke cikin madara, da sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin jini, dukkansu suna kama lebotairoksin a hanji su hana shi shiga jiki. Ƙa'idar ita ce a sha da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa guda kafin karin kumallo, a kuma raba shi da maganin ƙarfe ko na ƙashi da awa huɗu.

An ɗaure shan ƙwayar da sallar asuba, tunda gidan duka yana tashi a lokacin, abinci kuma sai gari ya waye. Maganin ƙarin jinin an dakatar da shi, domin jininsa 12.1 ne, ba ya buƙata. Shawo kan kakar ya fi komai cin lokaci. Sai da mahaifin ya zo da ita asibiti ta ji da kunnenta. Ba a taɓa adadin ƙwayar ba.

Ƙarshen Satumba FT4 ya kai 14.6. Aka ƙara rabin ƙwayar 25, ya zama 62.5 a rana. A Nuwamba ya kai 17.9, aka tsaya a nan. Bayan gida ya daidaita tun a Agusta, gyangyaɗin aji ya tafi a Oktoba, nauyi ya ɗan sauka zuwa 24.8 da kumburin ya sace.

## Shekara ta biyu, zuwa Yuni 2024

Satumba 2023, 120.9. Disamba, 123.5. Maris 2024, 126.0. Yuni 2024, 128.3. Jimilla 8.9 a shekarar, nauyi kilo 27.4, ƙashi na ɗan shekara takwas. An ɗaga allura zuwa 0.8 a Maris saboda nauyi, IGF-1 yana cikin iyaka, sukarin jini lafiya.

A Fabrairu ya yi ɗingishi da ciwon gwiwar dama. An ɗauki hoton ƙugu biyun a ranar, a kwance da kuma ƙafafu a buɗe, domin saurin girma da sanyin tairod dukkansu suna cikin abubuwan da ke sa kan ƙashin cinya ya zame daga gurinsa, ciwon kuma sau da yawa a gwiwa ake jin sa. Hoton ya fito lafiya. A ƙwallo ya bugu.

Da azumi ya kama a Maris ya nace zai yi. Bai balaga ba, yana kuma da tarihin faɗuwar sukari, don haka aka tsaya a kan rabin yini. Ƙwayar aka mayar da ita rabin awa kafin sahur.

Abin da ake sa wa ido yanzu: FT4 duk wata shida da kuma mako shida bayan kowane sauyin magani, kotizol sau ɗaya a shekara ko duk lokacin da rashin lafiya ta kwantar da shi fiye da kima, da alamun balaga. Idan ya kai sha huɗu babu alama za a duba sinadaran balaga, domin su ma daga fituwitari suke fitowa.

## Hukunci

Allurar ba ta lalata tairod ɗin yaron ba. Ta tona wani rauni ne da ke can tun farko. Alamunsa suna cikin fayil kafin a yi allurar farko: hoton MRI, labarin haihuwa, da FT4 na 11.9. Rashin ba shi ƙwayar tairod a Yuni 2022 hukunci ne da za a iya karewa, tunda lambar tana cikin iyaka kuma babu alamar ciwo. Abin da ba za a iya karewa ba shi ne shekara guda cur ba a sake auna FT4 ba, ga yaron da ke cikin rukunin da aka fi tsoron faɗuwarsa.

Kada a ɗauki lamarinsa a shafa wa kowa. Yawancin yaran da ke karɓar wannan allura, musamman waɗanda hotonsu ya fito lafiya kuma sinadarin girma kaɗai suka rasa, saukar FT4 ɗinsu kaɗan ce, ta ɗan lokaci, ba ta buƙatar ƙwaya. A sake gwaji bayan 'yan makonni ya wadatar. 'Yan mata masu ciwon Turner, wanda ake haihuwarsu da shi yana kawo gajarta, kuma nasu ya sha bamban: tairod ɗin kansa garkuwar jiki ke kamawa, a can TSH yana da amfani sosai.

Zargin tsallake allura a Disamba daidai ne, kuma ba za a iya raba rabonsa da na tairod a waɗannan watanni uku ba. Maris 2023 ne wurin da aka ɓace hanya. Allura 88 cikin 90, tsayi ya tsaya, nauyi yana hawa: yaron da ke ƙiba ba ya tsawo yana nuna matsalar sinadaran jiki kafin komai. Gwajin IGF-1 da FT4 a ranar da sun warware zancen firij da na tairod a lokaci guda. Maimakon haka an zubar da alƙalami mai kyau, an kuma sayi ƙarin miligiram 18 a wata uku, kwatankwacin maganin wata guda, ba tare da an sami ko santimita ɗaya ba. Kuɗin FT4 da aka yi tattali a Satumba bai kama ƙafar wannan ba. Laifin kuma ba na iyayen ba ne: an ba su zaɓi tsakanin gwaji biyu ba a gaya musu cewa ga ɗansu mai tsadar ne kaɗai ke magana ba. Takardar neman gwaji ta irin wannan yaro ya kamata ta ce FT4 ɓaro-ɓaro, da dalilinsa a layi ɗaya.

Hujjar da ta fi ƙarfi cewa tairoksin ne ya buɗe hanya ita ce jerin shekarun. A al'ada shekarar farko ta allura ita ce mafi sauri, ta biyu takan ragu. A nan ta farko ta ba da 5.9, ta biyu 8.9, kuma da adadin allurar da bai wuce na Maris zuwa Yuni 2023 ba, lokacin da aka tsaya cik. Gyaran lokacin shan ƙwaya da daina maganin ƙarin jini su kaɗai suka ɗaga FT4 daga 9.8 zuwa 14.6, da an ninka ta a Agusta sannan daga baya aka daina maganin ƙarin jinin, da an wuce gona da iri, yawan tairoksin kuwa yana tsufar da ƙashi da wuri ya ci tsayin ƙarshe.

Tazararsa da matsakaicin sa'o'insa ta kasance kusan santimita 20 a farko, kusan 20 bayan shekara guda, kusan 16 bayan biyu. Ƙashinsa yana baya da shekara uku, wanda ke nufin gurin girma yana da sauran lokaci a buɗe. Za a ci gaba da allura har saurin girma ya sauka ƙasa da santimita biyu a shekara, sannan a sake gwada shi a ga ko zai buƙace ta a girmansa. Ƙwayar tairod kuwa, da irin hoton da yake da shi, an gaya wa iyayen su ɗauka ta zama abokiyar zamansa.